Daga Akébé Zuwa PK8: Yadda Na Nemi Jitar Bas Ta Hannu a Libreville



Na san da yawa daga cikinku za su ga kan wannan rubutu su ce, anya ɗan Liman ne ya rubuta? Ni ne, ba wani ba. Tun da labarin ya riga ya zaga unguwa har an ƙara masa gishiri, wasu na cewa na shiga ƙungiyar makaɗa, wasu na cewa an gan ni a Louis, na ga gara in faɗe shi da bakina daga farko har ƙarshe. Makonni biyar na yi ina yawon neman jitar bas mai araha, kuma a cikinsu na ga Libreville fiye da yadda na gan ta a shekaru talatin da 'yan kai da na yi a cikinta.

An haife ni a Akébé, a gidan da ke jingine da masallacin da mahaifina yake limanci. Shi daga ƙasar Maradi ya zo tun yana saurayi. Na yi allo a zaurensa har na sauke, na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gabansa, sannan na yi boko da Faransanci har ƙarshen sakandare. Yau ni ke riƙe da littafin lissafi na wani shagon sarin shinkafa da mai a Oloumi. Aiki ne na lambobi daga hantsi har la'asar sakaliya. Da dare kuwa, idan an yi isha'i yara sun yi barci, sai in sami kaina da waya a hannu ina murzawa sa'a biyu ko uku, ban ƙaru da komai ba sai ciwon ido. Maiɗakina ce ta fara kawo magana, ta ce, "Malam, ka nemi wani abin da hannunka zai riƙa yi ban da wannan."

Abin da zuciyata ta tuno tsoho ne. Wanda ya tashi a wannan gari bai isa ya kauce wa kiɗa ba, domin ko bai je inda ake yi ba, taksi za ta kawo masa shi. Muna yara babu motar da ba a jin Bane ta Oliver N'Goma, mutumin Mayumba da ya rasu a 2010. Ni dai kunnena bai taɓa bin muryar mawaƙi ba. Abin da yake bi shi ne wani amo mai kauri da ke tafiya can ƙasa, wanda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Sai a sakandare wani abokina ɗan Kamaru ya nuna mini abin da ke fitar da shi, jitar yayansa ce, ya bar ni na taɓa sau ɗaya tak.

Ga iyayenmu da ba su san ta ba, ku ɗauka garaya ce babba, amma ta katako zalla ba ƙoƙo, mai tsirkiyoyin ƙarfe huɗu masu kauri, tsawon kowace daga inda aka ɗaure ta zuwa inda ta dire ya kai santimita 86. Ita kaɗai kusan ba ta da murya sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti da muke kira ampili. Wani Ba'amurke, Leo Fender, shi ya fitar da irin wadda ta bazu a duniya a 1951. Amma aikin da take yi ba baƙo ba ne gare mu. Gnawa na Maroko, jikokin mutanen da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashenmu, suna da gimbiri mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, kuma duk wanda ya gan ta ya san dangin garaya da gurmi ce.

Ban yi nufin zama makaɗi ba. Abin ɗaki nake so, na rabin sa'a kafin barci. Saboda haka na ware sefa jaka 60 daga ɗan abin da na tara, na yi wa kaina alkawarin ba zan wuce haka ba.

Tsakiyar gari

Asabar ta farko na tsaya bakin titi na yi abin da kowane ɗan Libreville ya iya: taksi ta rage gudu, ka sunkuya ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yi oda ka shiga, in ya wuce bai dube ka ba ka san tayinka bai yi ba. Na sauka kusa da masallacin Hassan II, wanda Maroko ta gina aka buɗe a 1983, na yi azahar, sannan na gangara wani shago mai sanyin na'ura da ke sayar da kayan sauti. Bas uku ne rataye a bango. Mafi araharsu jaka 210, ban da ampili. Na yi lissafi a zuci, tun da sana'ata ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka yanke a ƙasar nan a 2006 jaka 80 ne, ke nan wannan katako ya haura wata biyu da rabi na gumin lebura. Na yi godiya na fito.

Ban ga laifin mai shagon ba. Garin nan tun asalinsa fuskarsa teku take kallo. A 1849 Faransawa suka zaunar da bayin da aka kuɓutar daga jirgin Elizia a bakin wannan mashiga ta kogin Komo, a ƙasar Mpongwe, suka sa wa wurin suna garin 'yantattu. Ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da dubu 700 a cikinsa, fiye da sulusin mutanen Gabon gaba ɗaya, kuma mafi yawan abin da suke ci da wanda suke sawa daga waje yake zuwa, ko ta tashar jiragen ruwa ta Owendo ko ta mota daga Kamaru. Duk abin da ya hau jirgi sai ya biya kuɗin jirgi, ya biya duwan, ya biya hayar shago. In tumatir bai tsira daga wannan ba, ina ga jita?

Mont-Bouët

Asabar ta biyu na nufi inda talaka ke nufa. Kasuwar Mont-Bouët, wadda ta ci sunan hafsan ruwan Faransa Bouët-Willaumez, ita ce babbar kasuwar ƙasar nan. An kwana ana ruwa, lunguna sun zama taɓo, an shimfiɗa katakai ana bi ɗaya bayan ɗaya, masu baro na ihu a ba su hanya. Daga layin masu gwanjon tufafi, wanda 'yan ƙasa ke kira moutouki, zuwa rumfunan atamfa na Petit-Paris, kunnenka zai ji Hausa da Zabarmanci da Bambara da Yarbanci da Fang, Faransanci kuma na ɗinke su duka. Na biya ta rumfar wani dattijo Bakano mai sayar da shadda, aminin mahaifina, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan Liman, me ya fito da kai cikin wannan caɓi?"

"Baba Alhaji, bas nake nema, ta hannu."

"Bas? Masha Allah! Ai gara haka, aikin albashi ba ya kai mutum ko'ina. Mai kujera nawa? Wane layi za ta riƙa yi, PK12 ko Owendo?"

Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Liman ya sani?" Na ce tukuna. Ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Duk da haka bai bar ni na tafi haka nan ba, ya kira yaronsa ya raka ni wurin wani dillali.

Dillalin ya ja ni zuwa irin shagunan nan da ake kira brocante, inda ake zazzage kwantena guda ta tarkacen gidajen Faransa da Beljiyam. Wanda bai taɓa shiga ba ya daure ya shiga ko don kallo. Ga firiji, ga dutsen guga, ga keken jarirai, ga agogon bango da ya tsaya, har takalman wasan ƙanƙara na gani, a garin da tsakaninsa da layin da ya raba duniya biyu bai fi tafiyar kilomita 50 ba. Can bayan wata na'urar wanki aka zaro mini bas ja mai walƙiya, da sunan wani babban kamfani a kanta. Jaka 55. Gabana ya faɗi don murna, dillali kuwa na ta raɗa mini cewa akwai wanda ya ce zai dawo da yamma. Abin da ya cece ni shi ne gargaɗin abokin nan nawa ɗan Kamaru, wanda ya ce kada in biya ko dala sai wani mai gyara da ya sani a Nkembo ya duba. Na ba da jaka 5 kafin alƙalami, aka haɗa ni da yaron shago muka tafi.

Mai gyara a Nkembo

Kowa ya san Nkembo da kasuwarta da kuma cocin Saint-Michel mai ginshiƙan katako 31 da aka sassaƙa da hannu. A wani lungu da ke bayan nan shagon mai gyaran yake, dattijo ne mutumin Douala, ya zauna tsakanin matattun rediyo da ampili kamar mai jiran gawa. Bai ko dubi jan fentin ba. Ya ɗaga jitar ya sa gindinta a kafaɗa kamar maharbi, ya rufe ido ɗaya ya bi tsawon wuyanta da kallo, sannan ya miƙa wa yaron shago ya ce da Faransanci, "Mayar wa maigidanka."

Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya jawo mini kujera, ya ba ni karatun da zan so duk mai niyyar sayen irin wannan kaya ya riƙe.

Ya ce ran bas yana wuyanta. Tsirkiyoyin nan huɗu suna jan sa dare da rana da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 60, shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli mai kusurwa shida. In wuya ya ɗan rusuna gaba kamar baka, wannan sanda za ta miƙar da shi. In kuwa ya murɗe kamar wankin da aka matse, ba shi da magani, kuma ciwon jar jitar ke nan. Gwajin mai sauƙi ne. Ka danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen farko na waɗanda aka gicciya a wuyan, ka danne ta kuma a kan na ƙarshe, sannan ka dubi tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin kati. Bayan haka ka sa makulli a sandar ka ɗan juya. In ta ƙi motsi sam, ko tana juyawa ba ta kama komai, ka ajiye ka yi sallama.

Na biyu, ya ce, shi ne laima. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusan kai mita 3, ga iskar teku mai gishiri. Kayan da ya yi shekara goma lafiya a Turai, damina ɗaya ta nan ta isa ta sa ƙusoshinsa su yi tsatsa, wayoyinsa su yi kore, maɓallan murya su riƙa ƙarar soya gyaɗa in an murɗa su. Amma ya ce kada wannan ya tsorata ni, domin duk gyaran kuɗi kaɗan ne, har ma yana taimakon mai saye wajen ciniki. Mutane na gudun tsatsa suna rungumar fenti, alhali tsatsa ana kankarewa, karkataccen wuya kuwa sai murhu.

Na uku, ka kaɗa kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, daga sama har ƙasa, kana sauraron zizar da ke nuna ƙarfe ya cinye ko ya taso. A kan ƙarfe na 12 sautin ya zama daidai da na tsirkiyar in an sake ta, sai dai ya fi shi siranta. Tsirkiyoyin kansu in sun dushe ba lallai ne a sayi sababbi nan take ba, domin saitin guda na iya cin rubu'in kuɗin tsohuwar jita. Makaɗa kan tafasa su a ruwa datti ya fita, su shanya su sosai, su mayar. Daga ƙarshe ya sa farce ya ɗan ɓanɓare sunan kamfanin da ke kan jar jitar. Takarda ce aka manna. Jakata 5 ba ta dawo ba, na ce araha ba ta ado, na ɗauke ta kuɗin makaranta.

Dattijon mai son hira ne. Ya ce ƙasarsu ba ta da abin alfahari a kiɗa kamar masu bas, ya lissafa mini Richard Bona da Étienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco. Shi Bona, wanda aka haifa a Minta a 1967, jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Sannan ya ƙwanƙwasa teburinsa ya ce, "Ka san daga ina itacen manyan bas na duniya yake fitowa? Daga bayan gidanku."

Gaskiya ya faɗa. Daji ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari na Gabon. Icen da muke kira kevazingo shi ne Turawa ke kira bubinga, kuma da shi da wenge kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna wajen ƙera bas masu tsada. Baƙin icen nan ɗan'uwan kanya, wanda a kasuwar duniya ma da sunan Gabon ake kiransa, shi ake shimfiɗawa a fuskar wuyan jita da goge na Turawa. Okoumé kuwa, wanda aka fi sani da yin falankin katako, kamfanin Ibanez na Japan yana yin jikin wasu bas nasa da shi. Jirgin ƙasan Transgabonais, wanda aka kammala a 1986, yana sauko da itace daga cikin ƙasa zuwa Owendo. Tun 2010 aka hana fitar da gungume ɗanye, sai an sarrafa shi a masana'antu irin na Nkok, amma har yanzu a ƙetare ake mayar da shi jita. Ice ya fita da araha, ya dawo da tsadar da ɗan ƙasa ba ya iya saye sai ya tsufa a hannun wani.

Louis da hantsi

Shi ya ba ni shawarar in tambayi makaɗa da kansu, shi ya sa na je Louis. Unguwar ta ci sunan sarkin Mpongwe Louis Dowé, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Faransawa a farkon shekarun 1840, amma yau da gidajen rawa aka fi saninta. Ƙarfe goma na safe na je. Ƙofofi a rufe, ana share kwalabe, unguwar na barci kamar wadda ta yi jinya. Maigadin wani gida, mutumin Tahoua da ke sallar Juma'a a bayan mahaifina, ya gan ni ya zaro ido. Ga asalin labarin da kuka ji.

Makaɗa biyu na samu suna shan shayi a bakin wata rumfa. Sun karɓe ni da mutunci, suka yi mini hirar Pierre Akendengué, wanda aka haifa a 1943, ya fitar da faifansa Nandipo a 1974, kuma a 1993 ya haɗa kiɗan Bach da waƙoƙin dajin Gabon a Lambarena. Suka ce kafin jita ta zo, mutanen ƙasar nan suna da ngombi mai tsirkiya takwas. Amma batun sayarwa babu. Ɗayansu ya ce, "Manomi na sayar da fartanyarsa? Je ka wajen PK. Yanzu bas ta fi yawa a coci, kowace ƙaramar coci tana da makaɗanta, kuma kullum akwai wanda kuɗi ya tsaya wa."

PK8

Unguwannin PK suna jere ne a kan babbar hanyar da ke fita daga birnin zuwa cikin ƙasa, kowace da lambar kilomitarta. Mako biyu bayan haka mai gyaran Nkembo ya kira ni ya ce an sami wata a PK8. Sa'a guda muka yi a cunkoso. Daga titi na gangara wani kwari ta matakalar da aka yi da tsofaffin tayoyi, na ƙetare lambatu a kan katako ɗaya, na hau wani tudu. Irin wuraren nan ne 'yan ƙasa ke kira mapane, gidajen katako da kwano a manne da juna, wanda mai wucewa a mota ta bakin teku ba zai taɓa sanin akwai su ba.

Mai jitar saurayi ne ɗan Kwango, tsarana ko ƙasa da ni kaɗan, da matarsa da jariri a ɗaki ɗaya. Aikin shimfiɗa tayil yake yi, ran Lahadi kuma ya kaɗa a cocinsu. Ya zaro ta daga ƙarƙashin gado a naɗe cikin zane. Ibanez ce ƙirar Indonesiya, launin ƙasa, fentinta ya goge daidai inda babban yatsa ke zama. Na sa ta a kafaɗa na rufe ido ɗaya kamar yadda aka koya mini. Wuya miƙe kamar kibiya. Na danna, na auna, na juya makulli, na bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Ban da tsatsar ƙusa biyu ban sami aibi ba.

Ya ce jaka 75. Sannan ya yi kuskuren da ɗan kasuwa ba ya yi, ya faɗa mini dalili. Katin zamansa ya ƙare, kuma dole ya sabunta kafin ƙarshen wata. Babu gidan da wannan mujalla ke shiga da ba a san nauyin wannan magana ba. Amma ni a lokacin abin da na ji shi ne ƙofa ta buɗe. Na taya 35. Ya ce ba zai yiwu ba. Na tashi na karkaɗe wando na nufi ƙofa, dabarar da na gani sau dubu a Mont-Bouët. Ina sa ƙafa waje ya ce, "Kawo 45." Matarsa ta juya fuska ga bango. Ya haɗa mini da jakar jitar da wayarta gyara, ya rako ni har bakin lambatu.

Na kai ta Nkembo ina ji da kaina. Dattijon ya duba ya ce ko 65 na biya ban faɗi ba. Ya nuna mini inda fentin ya ɓantare a gefe, icen ciki ja-ja mara nauyi, ya ce, "Okoumé ne. Ta dawo gida."

Zauren Baba

Ban so ya ji ƙarshen labarin a bakin wani ba, don haka a daren na same shi a zaure bayan isha'i, na zauna a ƙasa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan tasbaha kafin ya yi magana.

Ya ce, "Risala a gabana ka karanta, ka san ta hana sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma a kan haka mafi yawan malamanmu suke. Imamu Gazali ma, da ya sassauta a kan waƙa, bai sassauta a kan masu tsirkiya ba, saboda a zamaninsa alamar mashaya ce. Na kuma san Ibn Hazm na Andalus ya saɓa musu, ya ce hujjojin hanin ba su inganta ba. Ba zan canza abin da nake karantarwa don kai ɗana ne ba, ba kuma zan ce maka babu saɓani alhali akwai. Kai baligi ne mai iyali. In ka riƙe ta, kada ta jinkirta maka salla, kada ta kai ka inda ake shan giya, kada ta ci daga abincin 'ya'yanka, kada kuma ta shigo gidan nan."

Na ce, "Na ji, Allah Ya gafarta Malam." Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Zauna. Nawa ka ce ka biya?" Na faɗa, har da 'yar murmushi. "Mai gyaran nawa ya ƙiyasta ta?" Na faɗa. "Kuma yaron ya gaya maka abin da ya matsa masa kafin ka taya ko bayan ka taya?"

Na ce kafin.

Ya ajiye tasbahar. Ya ce, "Wancan al'amari malamai sun yi saɓani a kansa. Wannan kuwa ban san malamin da ya yaba wa wanda ya ga larurar mutum ya mayar da ita riba ba. Shekarar da na zo garin nan, agogon da mahaifina ya ba ni na sayar saboda takarda irin wannan. Har yau ina tuna fuskar wanda ya saya."

Washegari bayan an tashi aiki na sake shiga cunkoson PK8. Da saurayin ya hango ni a kan katakon lambatu sai fuskarsa ta canza, ya tari numfashina ya ce kuɗin ya riga ya kai su, ba shi da abin mayarwa. Ya zaci jitar na zo in mayar. Na miƙa masa jaka 20 na ce cikon kuɗinsa ne. Ya ƙirga, ya dube ni, ya sake ƙirgawa. Matarsa ce ta fito ta ce ba zan tafi ba sai na sha ruwa.

Lissafi

Tun da lissafi ne aikina, ga shi: jita jaka 65, kafin alƙalamin da ya nutse 5, ladan mai gyara 6, ɗan ƙaramin ampili na sawa a kunne, shi ma na hannu, 12, ban da kuɗin taksi da ban so in tara ba. Alkawarin jaka 60 ya karye, kuma maiɗakina ba ta bar ni na manta ba, ko da yake ta ce a cikin duka kuɗin, jaka 20 ɗin nan ce kawai ba ta ji zafinta ba.

Yanzu tana ɗakina a cikin jakarta, nesa da bango saboda laima, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Bayan isha'i nakan ɗauke ta rabin sa'a, sautin a kunnena kaɗai, maƙwabci ba ya ji, in gama in goge tsirkiyoyin da tsumma. Yatsuna sun yi kanta, har yanzu kuwa ban wuce ɗan koyo ba. Ban rubuta wannan don in kira kowa zuwa ga kiɗa ba, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Amma dukanmu masu sayen kayan hannu ne a wannan gari mai tsada, yau firiji, gobe keken ɗinki, jibi mota. Ku nemi masani ya duba kafin ku biya, ku dubi ƙashin abu ku bar fentinsa, kuma idan farashi ya faɗi ƙasa warwas, ku tambayi kanku abin da ya kayar da shi.

Har yau Baba bai taɓa tambayata yadda koyon ke tafiya ba, ni ma ban taɓa ɗauko masa zancen ba. Abin da ya tambaya, har sau biyu, shi ne ko yaron PK8 ya sami katinsa. Ya samu, alhamdu lillahi.

Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda ya rasa yadda zai yi, Ya rufa wa baƙo asiri a duk inda yake.